Aikin Tafinta a Tawagar Likitocin Mishan: Abin da Ɗalibin Harshe Ya Kamata Ya Sani

Gabatarwa

Sau da yawa idan aka tambayi ɗalibin Hausa aikin da zai yi bayan ya gama karatu, amsar ba ta wuce koyarwa ko aikin jarida ko fassara a gidan rediyo. Mu da muke karatun Hausa a nan kudu mun fi kowa shan wannan tambaya, wani lokaci ma har da dariya. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani fage da ba a cika ambatonsa ba, wato tafinta tsakanin likita da maras lafiya. Zan kafa hujja da abin da na gani a watan Satumba na shekarar 2022, lokacin yajin aikin malaman jami'a, sa'ad da na bi wata tawagar likitoci Kiristoci 'yan sa-kai zuwa kudancin Jamhuriyar Nijar a matsayin tafinta. Abin da nake son mai karatu ya fahimta shi ne, a irin wannan aiki harshe ma wani ɓangare ne na magani, kuma iya Hausa kaɗai ba ya mai da mutum tafinta.

Asalin Aikin Likitancin Mishan

Haɗa wa'azi da ba da magani tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun daga 1905 kuma ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, likita ne. Ƙungiyar SIM, wadda mutum uku suka faro da isowarsu Legas a 1893, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ta shiga Nijar a 1924 ta garin Damagaram. A 1950 ta buɗe asibiti a Galmi, kusan kilomita 500 gabas da Yamai, daga baya kuma ta kafa asibitin kutare a Danja kusa da Maraɗi, inda aka buɗe cibiyar masu yoyon fitsari a 2012. Likitocin wancan zamani sukan zo ne su yi shekaru, don haka koyon Hausa shi ne aikinsu na farko.

Tafiyar sa-kai ta yanzu ta sha bamban da wancan tsari. Likitoci da ma'aikatan jinya sukan ɗauki hutun mako ɗaya ko biyu daga wuraren aikinsu, su biya kuɗin hanya daga aljihunsu ko da gudummawar coci, su je wata ƙasa su yi aiki kyauta su koma gida. Akwai ƙungiyoyin da suka shahara da shirya irin wannan tafiya, kamar ƙungiyar likitoci da likitocin haƙori Kiristoci ta Amurka da aka kafa a 1931. Wanda zai yi kwana goma a wuri ba shi da lokacin koyon harshe. Ke nan duk iliminsa sai ya bi ta bakin wani kafin ya isa ga maras lafiya.

Yadda Aikin Yake Gudana

Tawagarmu ta ƙunshi likitoci da likitocin haƙori da ma'aikatan jinya da mai haɗa magani da fasto, wasu 'yan Nijeriya, wasu baƙi daga ƙasashen Turawa. Mun bi ta Sakkwato da Illela muka tsallaka zuwa Birnin Ƙonni, muka yi aiki a wasu ƙauyuka da ke tsakanin Ƙonni da Madawa. Kafin mu iso, cocin da ya gayyace mu ya riga ya nemi izinin hukumar lafiya, ya kuma kai gaisuwa wurin masu gari da limamai. Ba a fara komai sai da yardarsu.

Kowace safiya 'yan tawaga kan taru su yi addu'a, sannan a buɗe aiki. Ajujuwan makarantar firamare ne suka zama asibiti. A aji na farko ake rubuta suna a gwada nauyi da zafin jiki da bugun jini. Na biyu na likitoci ne, na uku na haƙori, na huɗu kuma na ba da magani. Da yake damina ce, zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, musamman ga yara, sai gudawa da tari da ciwon ido da hawan jini. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin tawaga akan rubuta masa takarda zuwa babban asibiti. A kowane ɗaki akwai tafinta, kuma idan ya fita shan ruwa aikin ɗakin ya tsaya ke nan sai ya dawo.

Hausa Ɗaya, Baki Daban

Darasi na farko na karin harshe ne. Mutanen wannan yanki Hausar yamma suke yi, mai kama da Sakkwatanci. Za ka ji tahi a maimakon tafi, zahi a maimakon zafi, biyat a maimakon biyar, munka da sunka a maimakon muka da suka, ɗiya kuma ana nufin 'ya'ya. Wanda ya yi darasin kare-karen harshen Hausa zai saba da wannan cikin kwana ɗaya ko biyu.

Inda gizo yake saƙa shi ne kalmomin aro. Mu mun ara daga Ingilishi, su kuma daga Faransanci. A can makaranta lakwal ce, babbar mota kamiyo. Mafi muhimmanci ga aikinmu, idan mutumin Nijar ya ce ya tafi likita, asibiti yake nufi. Mutumin da ke duba marasa lafiya kuwa lokotoro ne. Saboda haka tambayar “Ka taɓa ganin likita?” na iya jawo amsar e daga wanda ginin kawai ya gani, ko wanda ya je aka ɗaure masa rauni ya dawo.

Lissafin kuɗi ma haka yake. Ana ƙirga sefa da dala, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Idan likita ya ce kuɗin mota zuwa babban asibiti sefa 500 ne, tafinta zai ce dala ɗari. Sefa 1,000 kuma ita ce jikka ɗaya. Wanda ya ce ɗari biyar kai tsaye ya ninka kuɗin sau biyar a kunnen mai saurare, mai yiwuwa kuma wannan ya sa uwa ta fasa kai ɗanta asibiti.

Sunayen Cututtuka

Bahaushe yana da nasa tsarin rarraba cututtuka, wanda bai zo daidai da na littattafan likitanci ba. Wani likita Ba'amurke masanin al'adu, Lewis Wall, ya wallafa littafi sukutum a kan maganin Hausawa a 1988. Ga kaɗan daga kalmomin da na ga suna rikita aiki.

Basir a ƙamus yana nufin kumburin jijiyoyin dubura, amma a bakin jama'a ya haɗa taurin bayan gida da kumburin ciki da ciwon baya, har da raunin mazakuta. Sanyi na iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Shawara sunan cuta ce mai sa ido ya yi rawaya, ban da ma'anarta da kowa ya sani. Ciwon daji a rediyo kansa ake nufi, a ƙauye kuwa duk wani gyambo ko kumburi mai cin jiki da ya ƙi warkewa yana iya samun wannan suna. Wanda ya ce zuciyarsa na ciwo, wataƙila ƙwannafi ke damunsa, wataƙila kuma baƙin ciki ne. Ciki tumbi ne, kuma juna biyu ne, alhali akwai magungunan da ba a ba mai juna biyu.

Abin da ya dace shi ne tafinta ya faɗa wa likita kalmar yadda take, ya gaya masa tana da ma'ana fiye da ɗaya, ya bar shi ya yi ƙarin tambaya. Idan tafinta ya zaɓi ma'ana ɗaya da kansa, to ya binciki cutar a madadin likita, kuma wannan ba huruminsa ba ne.

Shi kansa ciwo iri-iri ne a Hausa: suka da sara da zogi da raɗaɗi da murɗa da ƙuna. Kai yana sara, ciki yana murɗa, ƙirji yana suka, haƙori yana zogi. Kowace kalma alama ce ga likita, don haka asara ce a tattara su duka a fassara da kalma ɗaya.

Abin da Ba a Faɗa Kai Tsaye

Akwai maganganun da kalmominsu suke a fili amma manufarsu na wani wuri. Ka tambayi dattijo, “Baba, tun yaushe ciwon nan ya fara?” sai ya ce, “Ai ɗana, an kwana biyu.” Kowane Bahaushe ya san kwana biyun nan na iya zama wata shida. Tarin kwana biyu mura ce, amma tarin da ya wuce mako biyu dole a yi zargin tarin fuka a tura mutum gwaji. Fassarar kalma da kalma a nan tana iya sa a sallami mai tarin fuka da maganin mura, ya koma cikin iyalinsa yana yaɗa cutar. Dabarar ita ce a kafa masa alama: kafin babbar salla ko bayanta? An yi shuka ko ba a yi ba?

Haka nan “da sauƙi” ladabi ne da tawakkali, ba rahoton jiki ba. Mutum na iya faɗin haka yana cije haƙora. Ita ma “to” ba ta nuna an fahimta, sau da yawa girmama mai magana ne kawai.

Wurin rubuta suna ma akwai alkunya. Mace da yawa ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta kuma kiran sunan ɗanta na fari. Matsa mata cin fuska ne. Sai a juya ga wadda ta rako ta a ce, “Inna, yaya sunan yaron?” Shekaru kuwa akan lissafa su da manyan abubuwan da suka faru. Wanda aka haifa shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, an san 1974 ke nan. Wadda ta ce an yi mata aure a yunwar El-Buhari, tana nufin wajejen 1984 zuwa 1985. Tafinta na bukatar ɗan tarihin ƙasar da ya je.

Game da al'aura kuma, ana sakaya magana da kalmomi irin su gaba da ƙasa da mara. Mace ba za ta buɗe baki ta faɗa wa saurayi sa'an ɗanta irin wannan matsala ba. A tawagarmu tafintoci mata sun yi ƙaranci, layinsu kuwa kullum ya fi tsawo. Wannan kira ne ga 'yan'uwanmu ɗalibai mata.

A Ɗakin Haƙori

A nan na fi daɗewa. Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuma 20, kuma dole tafinta ya san sunayen sassan baki: haƙoran gaba da fiƙa da turame da dasashi da ganɗa da muƙamuƙi. Mutane da yawa sun yi imani tsutsa ce ke cin haƙori. Likita yakan bayyana cewa wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin ragowar zaƙi a baki, su fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da haƙori. Ba a raina asuwaki, domin idan aka yi shi da kyau yana tsabtace baki.

Yawancin aikin cire haƙori ne, saboda mutane ba sa zuwa sai ya lalace ƙwarai, kuma cike rami ko wanke jijiya na bukatar na'ura da wutar lantarki da dawowa sau da yawa. Kafin a cire akan yi allura a dasashi. A nan zaɓen kalma yana da tasiri. Idan aka ce za a kashe wurin, wasu sukan tsorata. Ya fi kyau a ce, “Hajiya, wurin zai yi nauyi kamar ya yi barci, za ki ji ana turawa ana girgizawa, amma ba za ki ji zafi ba. In kin ji zafi ki ɗaga hannu.”

Bayan an cire akwai umarnin da dole ya shiga kunne: a ciji audugar da aka sa na kamar rabin awa, kada a kurkure baki ko a riƙa tofar da yawu a ranar, kada a sha abu mai zafi, kada a tsotsi wurin ko a taɓa shi da yatsa, kada a ci goro ta wannan gefe. Washegari sai a fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Dalili kuwa, jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin da ke kare ƙashi, idan ya fita zogin da zai biyo baya ya fi na farko. Na lura cewa idan aka faɗi dalilin an fi kiyaye umarnin.

Akwai kuma wata cuta da likitocin haƙori ke sa ido a kanta a wannan yanki, wadda ke farawa da kumburin dasashi ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, kuma idan ba a yi magani ba mafi yawansu ba sa rayuwa. Sunanta a likitance noma, daga Girkanci. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ka ce wa manomi ɗansa na da noma, ka ga yadda zai dube ka. Sai dai a kwatanta alamominta, a kuma jaddada cewa a kai yaron asibiti a yau, ba gobe ba.

Wurin Ba da Magani

Duk wahalar da aka sha tana iya tashi a banza a teburin ƙarshe. “Sau uku a rana” a wurin likita na nufin kowace awa takwas. Mun riƙa amfani da lokutan salla: da asuba, da azahar, da kuma lokacin kwanciya bayan lisha. A jikin ambulan akan zana rana da wata saboda waɗanda ba su karanta boko. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa ana shan sa sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai maiƙo ko nono. Dole a nanata cewa a shanye shi duka ko da jiki ya yi sanyi, kuma kada a raba da maƙwabci. Daga nan sai a ce, “Malam, maimaita mini yadda za ka sha.” Maimaitawar ce shaidar an gane, ba gyaɗa kai ba.

Addini da Amana

Kusan duk waɗanda muka duba Musulmi ne, mu kuwa tawagar Kirista ce, kuma ba mu ɓoye ba. Ƙa'idar ita ce magani na kowa ne ba tare da sharaɗi ba. Idan likita yana son ya yi wa mutum addu'a sai ya nemi izini, wanda ya ƙi kuma ba a rage masa komai. Ni Kirista ne, amma a kan kujerar tafinta aikina isar da magana ne. Bai halatta in ƙara wa'azin da likita bai yi ba, ko in sassauta amsar wanda ya ce ba ya so. Maras lafiya mabukaci ne, kuma mabukaci yakan ce to ga abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Wanda ya yi amfani da wannan rauni ya ci amanar maras lafiya, ya kuma jawo wa 'yan tsirarun Kiristocin garin matsala, domin su ne za su ci gaba da zama da maƙwabtansu bayan baƙi sun tafi.

Riƙe sirri ma yana cikin amana. Abin da aka ji a ɗakin likita a nan yake tsayawa, kuma ba a ɗaukar hoton maras lafiya a sa a Facebook ba da saninsa ba.

Iyakar Amfanin Irin Wannan Tafiya

Gaskiya ɗaya ce, kwana goma ba ya gyara lafiyar al'umma. Wanda aka cire wa ruɓaɓɓen haƙori ya huta, amma mai hawan jini da aka ba maganin wata ɗaya, ina zai sami na wata na biyu? Masu sukar wannan tsari suna cewa kuɗin jirgin baƙi zai iya biyan albashin ma'aikatan lafiya na gida na tsawon lokaci, kuma maganar tasu abin dubawa ce. Akwai kuma matsalar kawo magungunan da suka kusa lalacewa, abin da ya sa tun 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa maganin kyauta ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya idan ya iso. Tawagar kirki ita ce wadda ke aiki tare da asibitin yankin, ta bar masa bayanan marasa lafiya, kuma ba ta barin ɗalibi ya yi aikin da bai koya ba.

Ga mai sha'awar zuwa, ya sani cewa abubuwa sun canza tun bayan tafiyarmu. An yi juyin mulki a Nijar a Yuli 2023, ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, kuma akwai matsalar tsaro a kan iyaka. Ya binciki dokokin shiga da halin hanya, ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, ya kuma bi tawagar da hukuma ta san da ita.

Kammalawa

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ga kuma miliyoyin masu jin ta a Gana da Kamaru da Cadi da Sudan. Ko a nan kudu, a Sabo ta Ibadan ko Agege ko kasuwar Mile 12, akwai Hausawan da ke zuwa asibiti su kasa bayyana abin da ke damunsu. Shawarata ga sashenmu ita ce mu fara tattara kalmomin jiki da na cututtuka daga bakin jama'a, karin harshe bayan karin harshe, mu gwada su da abin da ke cikin ƙamusun Bargery na 1934, sannan mu nemi 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci mu riƙa gwajin tafinta tare. Bahaushe ya ce da tambaya akan zama malami. Mu fara da tambayar tsofaffin da ke kusa da mu yadda suke kiran ciwon da ke jikinsu, mu rubuta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.